Siminti Buhu Arba'in a Ƙofar Gida

Wani mutum ne a Ɗan Isa, ɗakinsa na laka ya dinga yoyo har matarsa Uwani ta gaji da tara kwanoni a kan gado. Ta tattara ta koma gidansu a Zurmi, ta ce ba ta dawowa sai ya gina mata na bulo.

Shekarar da aka ƙaddamar da shari'a ce. Mutumin ya je Ƙaura ya sayo siminti buhu arba'in, ya sa aka jibge masa a ƙofar gida, a fili.

Maitama magini ya zo ya gani, ya ce, "Malam, a kai kayan ga ɗaka. Ina da aiki Shinkahi, sai bayan sati ukku."

Ya ce, "Ɗaka na mi? Shari'a ta zo. Wa ka taɓa kayan mutane yanzu?"

"Ba ɓarawo nika jiye maka ba. Dubi gabas."

Ya dubi gabas, hadari ya yi baƙi ƙirin. Ya ce, "Yo ai ruwa siminti ka so. Da idona na ga ana ba bulo ruwa Ƙaura, sahe da marece, don shi yi ƙwari."

Maitama ya hau kekensa ya tafi.

Aka yi kwana huɗu ana tafka ruwa. Ranar da aka ɗauke kuwa, mutumin da kansa yake jan guga ya bi buhunan ɗaya bayan ɗaya, kada su ji ƙishi.

Sati uku ya cika, ya aika wa Uwani ta zo ta ga fara aiki. Maitama ya iso da leburori, ya sara buhun farko da shebur. Shebur ya lanƙwashe. Aka kawo diga, diga ta yi tartsatsin wuta.

Maitama ya ce, "Malam, simintinka ya gama aiki nai. Ya zama dutsi."

Mutumin ya ce, "Ka gani ko? Na ce maka za shi yi ƙwari."

Uwani ta ce, "To ina ɗakin?"

Ya dafa buhunan yana murmushi. "Ƙidaya ki gani. Arba'in cif, sati ukku waje, ko guda ba a ɗauka ba."

Uwani ta gyara mayafi, ta juya wajen tasha.

"To Malam, ci gaba da ban ruwa. Rad da sunka tsiro da ƙohwa, ka aiko mani."