Daga Nesa Ake Kallonta

Sau ɗaya tak na taɓa zuwa Kwatano, rakiyar motar gyaɗa, na kuwa yi sa'ar ganin wasan wutar sabuwar shekarar Nasara a bakin teku. Tun daga nan na naɗa kaina masanin wasan wuta na Maraɗi kaf.

Shekarar da aka yi shela kumandan zai harba tasa a bariki, surukina ya taso takanas daga Tsibiri da ƙannensa biyu. Bayan magariba jama'a na ta tururuwa zuwa bariki, ni kuwa na tare baƙina.

"Baba, ku bar marasa sani su cunkushe can. Wannan wuta daga nesa ake kallonta, sama duka take cikawa."

"To, kai ka san ta," in ji shi.

Na ja su hanyar Jiratawa har wani tudu, na shimfiɗa masu tabarma, har da gargaɗin kada su firgita.

Muka zauna, sauro na ta gaishe mu. Can muka jiyo tas-tas da sowar mutane. Ashe wutar kumandan da kyar take wuce katangar gidansa.

Surukina ya daɗe yana duban sama, sannan ya nuna wata tauraruwa.

"Ita ce waccan?"

"A'a, Baba."

"Na dai ce. Muna da irinta a Tsibiri."

Har yau in na je gaisuwa gidansu, wani ya tashi ƙyasta ashana, sai a ce: "Dakata ya ja da baya tukuna, ba ya gani daga kusa."