Doguwar Kujerar da Na Gina da Kwalayen Magani

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na zauna a kan iska a gaban mai gidan hayarmu ba, ina karanta mata doka da Faransanci, cinyoyina suna rawa. Har yau in na je baƙunta na ga doguwar kujera an lulluɓe ta da zane, sai na ɗaga zanen na leƙa kafin in ɗora jikina. Matata ta gaji da ba masu gida haƙuri.

A lokacin ina aiki a wani ƙaramin kamfanin shigo da magunguna a Abidjan. Mai kamfanin, Alhaji Ɗanlami, Bakano ne, abokin mahaifina, ɗan kasuwa na gasken gaske, sai dai Faransancinsa bai wuce gaisuwa da taya kaya ba. Ni kuwa a nan Abidjan aka haife ni, a Adjamé, a unguwar Bromakoté na tashi, na yi makarantar Faransanci har Hausar babana ta fara yi mini ƙauyanci a kunne. Aikina in karanta takardu in fassara masa. Shi yana kirana "ɗan boko", ni kuma na je na sa an buga mini kati mai ɗauke da muƙamin darakta (babu wanda ya ba ni muƙamin, kuma ban da ni da Alhaji da mai gadin sito, babu kowa a kamfanin da zan yi wa daraktancin). Alhaji ya ga katin, ya juya shi, ya sakace haƙori da gefensa, ya miƙo mini.

Takardu biyu ne suka riƙe wuyan kamfanin, kuma duka biyun ni na karanta na ce wa Alhaji ya sa hannu, babu wata matsala. Ta farko yarjejeniya ce da masana'antar da ke haɗa mana magani a Indiya. Mu kaɗai za su sayar wa a ƙasar, amma duk bayan 'yan watanni dole mu karɓi sabon kaya, ko mun sayar da na baya ko ba mu sayar ba. In muka ƙi karɓa, su ba wani. Ta biyu takardar hayar ofishinmu ce a unguwar Treichville, ɗakuna biyu a hawa na farko. Mai ginin, Madam Akisi, tsohuwar ungozoma ce da ta yi ritaya, kuma a hawan da ke samanmu take zaune. Gobara ta taɓa cinye shagon ƙaninta, shi ya sa ta sa aka rubuta ɓaro-ɓaro cewa wurin ofis ne kawai, ba a ajiye haja a ciki ko ta kwana ɗaya, wanda ya karya ya kwashe komatsansa. Mu kuwa lasisinmu na sayar da magani da wannan adireshin aka ɗaure shi. In ofis ya tafi, sai mun sake bin layin hukuma daga farko, kafin mu gama kuwa mutanen Indiya sun yi sabon aboki.

Sai yaƙi ya ɓarke, ƙasa ta rabu biyu. Yawancin masu sayen kayanmu suna Bouaké da Korhogo, can arewa, hanya ta toshe, motoci suka tsaya. Jirgin ruwa dai bai ji labari ba, ya ci gaba da sauke mana kaya. Sitonmu na Adjamé ya cika har mai gadi ya koma yin salla a bakin ƙofa. Ana cikin haka wani sabon kayan ya iso, kwalaye cike da kwalaben jan maganin nan da ake shafa wa ciwo, wanda in ya taɓa riga sai dai a yi bankwana da ita.

Alhaji ya ce abin mai sauƙi ne. Zai sayi turmin atamfa mai kyau, ya hau sama ya gaishe da Madam, ya faɗa mata halin da muke ciki, ya roƙe ta ta ɗaga mana ƙafa. Ni kuma na yi irin murmushin da masu ilimi ke yi wa iyayensu. Na ce masa nan ba Kano ba ce, nan takarda ce ke magana, kuma ranar da ya buɗe baki ya ce yana son ajiye haja, ya ba ta hujja a kanmu da hannunsa. Na kawo sunayen dokoki biyu da ban tabbata akwai su ba. Alhaji ya dube ni, ya ce to ɗan boko, tunda kai ka san garin, yi yadda ka gani.

Ga abin da na gani. Ranar Lahadi da safe, Madam tana coci, na kawo 'yan dako suka hawo da kwalayen. Kujerun baƙi na aika da su gidanmu, mahaifiyata ta yi ta sa mini albarka tana cewa aiki ya fara kyau. A gurbinsu na jera kwalaye a jikin bango, na yi mazauni, na yi majingini, har da wurin ɗora hannu. Na shimfiɗa siririyar katifa a kai, na lulluɓe da zane mai ruwan ganye, na soke da allurai ta baya. Sauran kwalayen suka zama tebur, na ɗora masa furen roba. Na hau kujerar na yi tsalle, ko motsi ba ta yi ba. Wallahi na ji daɗin kaina a ranar fiye da ranar da na ci jarrabawa. Makonni suka wuce baƙi suna zama a kai suna shan shayi, wani ma ya tambaye ni kafintan da ya yi ta (na ce ɗan Senegal ne, ya koma gida).

Sai lokacin sabunta haya ya zo. Al'adar Madam ce ta sauko da kanta ta duba ofis kafin ta sa hannu. Kujera ba ta dame ni ba, warin magani ne ya dame ni, don kwana biyu da na buɗe ƙofa sai in ji kamar na shiga asibiti. Ranar na yi sammako, na naɗe ƙafar wando, na yi ta kwarara bokitin ruwa da jabel, bilicin nan mai ƙarfin wari, a ƙasa har idanuna suka yi ja. Ban kira mai sharar ginin ba don kada ta ɗaga zane. Abin da ban lura da shi ba, ni da na karanta kowane layi na takardar ginin, shi ne daɓen ɗakin ya ɗan karkata, kuma wajen bangon kujerata ya karkata. Na ga ruwa ya ɓace da wuri, na yaba wa iskar fanka. Daga nan na shiga banɗaki na sa farar kwat ɗin da na saya a kasuwar Black Market, wadda mai gwanjon ya rantse mini wani Bature sau ɗaya ya sa ta.

Madam ta shigo da sandarta, Alhaji ya tare ta da gaisuwar da ya iya. Kujerun gaske biyu suka rage a ofis, tasa da tawa. Na yi wuf na jawo mata tawa don kada ta nufi bango, Alhaji ya zauna a tasa, ni na tsaya a gefe na harɗe hannuwa a baya. Ta ce ta baro tabaraunta a sama, in karanta mata takardar da ƙarfi. Na gyara murya zan fara, sai ta ɗaga sanda ta nuna kujerata mai ruwan ganye.

"Zauna, ɗana. Ba na son namiji ya tsaya mini a ka."

Na zauna da ƙwarin gwiwa, tunda ni na gina abata. Mazaunaina na taɓa katifar na ji abin ya yi laushi, ya yi wata 'yar ajiyar zuciya, ya fara nutsewa a hankali. Can ƙasa kwalabe suka yi ƙaramin ƙara. Nan take na tuna inda ruwan ya tafi. Tashi ba zai yiwu ba, don kujerar ta riga ta lotsa, in na miƙe za a ga ramin. Zama kuma ba zai yiwu ba. Sai na ɗauke nauyina na mayar kan cinyoyi, na bar wandona kawai yana shafar zane, na ɗaga takarda na fara karatu kamar mai karanta labarai a talbijin.

Takardar doguwa ce, kuma ni na ƙara mata tsawo, don a bara na cusa mata gabatarwa mai kalmomi masu nauyi saboda Madam ta san da wa take hulɗa. Kafin in gama shafin farko gumi ya jiƙa kwalar rigata. A shafi na biyu gwiwoyina suka fara kaɗawa, takardar tana kaɗawa tare da su. Alhaji ya leƙo ya tambaye ni da Hausa ko cikina ne ya ɓaci, na girgiza kai ban bar karatu ba. Madam kuwa ta jingina, ta lumshe ido, duk inda na yi sauri sai ta ce in koma baya, kunnenta ya tsufa. Da na iso sharaɗin haja, ta buɗe ido ta ce in maimaita shi, sannan in fassara wa Alhaji da yarensa, kada gobe a ce wani bai fahimta ba.

Na maimaita. Na juya wajen Alhaji, muryata tana fita guntu-guntu, na ce, "Mai haya ya tabbatar cewa babu haja ko ɗaya a cikin wannan..."

Ban kai "ofis" ba. Cinyoyina suka ajiye aiki, na tafi gaba ɗaya. Kwalayen ƙasa da suka sha ruwa suka baje, na sama suka biyo ni, majingini ya rufto mini a ka, ƙafafuna suka yi sama da takalmana masu tsini. Kwalabe suka yi ta fashewa a ƙarƙashina. Jan magani ya ɓullo ta ƙarƙashin zane, ya bi jiƙaƙƙen daɓen nan da na wanke da hannuna, ya tafi a natse har gaban takalmin Madam.

Alhaji ya miƙe yana salati. Na miƙa masa hannu ya ɗaga ni, ya wuce hannun ya fara ciro kwalayen da ba su jiƙe ba. Da ya tuna Madam tana wurin, ya saki kwalin, ya tattaro duk Faransancin da ya mallaka, ya ce shi bai san komai ba, ya nuna ni da yatsa ya ce, "Shi ne darakta." Tun da na buga katin nan, ranar ce ta farko da ya amince da muƙamin.

Da a nan na tsaya da da sauƙi. Amma na dubi jan da ya rine farar kwat ɗina, wata dabara ta sake zo mini (ban san me ya sa har lokacin nake amincewa da dabaruna ba). Na dafe ƙugu na fara nishi, ina cewa kwalba ta yanke ni, jini nake zubarwa, ko tausayi zai sa a manta da sharaɗi. Madam ko gezau ba ta yi ba. Ta sa bakin sandarta a cikin jan ruwan, ta ɗaga ta duba.

"Tashi, ɗana. A ɗakin haihuwa na tsufa, na san jini. Wannan shi muke shafa wa jarirai a cibiya."

Daga nan ta daina kula ni. Ta juya wajen Alhaji ta yi masa magana da Dioula, yaren kasuwa, wanda ta iya tun tana aiki a arewa, shi kuma da shi yake ciniki shekara da shekaru. Ban taɓa tunanin su biyun suna da yaren da za su haɗu a kai ba tare da ni ba. Ni ma ina jin Dioula sarai, a Adjamé na tashi, nunawa kawai nake ban iya ba. Don haka ina zaune a cikin rami na ji komai. Ta ce tun ranar Lahadin ta sani, maƙwabta sun gaya mata kafin ta cire takalmin coci. Garejinta na ƙasa babu kowa a ciki tun da mijinta ya rasu, ƙofar ƙarfe ce da shi, nesa da wayoyin wuta, kuma ta yi ta jiran wani ya hawo bene ya gaishe ta ya tambaya. Ta ce abin da ya ɓata mata rai shi ne dattijo kamarsa ya zaɓi ya mayar da ita makauniya a gidanta. Alhaji ya ce wallahi har atamfa ya yi niyyar saya, ɗan boko ne ya ce nan takarda ce ke magana. Su biyun suka juyo suka dube ni tare. Na fi son a ce kwalbar ta yanke ni da gaske.

Kafin azahar sun gama magana, sun yi musabaha, ta sa hannu a takardar da gefenta ya yi ja. Ofis ya tsira, lasisi ya tsira, kaya suka sami gareji. Sharaɗi ɗaya ta ƙara, shi kuma da baki: kayan su sauka a ranar, kuma darakta ne zai sauke su da kansa, tunda shi ya san yadda aka jera su. Haka na yi ta hawa da sauka da kwali a ka, masu shaguna na layin sun fito suna kallo.

Komawa gida ma wani abu ne. A motar da na shiga zuwa Adjamé, direba ya dubi bayana ya ce sai na shimfiɗa kwali kafin in zauna masa a kujera. Wata mata a gefena ta yi ta ce mini "yako", sannun mutanen Abidjan ga wanda masifa ta samu, tana tambaya ko sojoji ne. Na ce mata e, don gaskiyar ta fi ciwo. Mahaifiyata kuwa da ta ji labari ta ce kujerun dai ba za ta mayar ba, ta riga ta sa albarka.

Abin da na koya bai da yawa. In kana neman alfarma wurin wanda ke zaune a samanka, hau benen ka gaishe shi, ya fi sauƙi a kan cinya. In kuma ka ƙi ji sai ka yi ƙarya, to kada ka yi mata siffar kujera, don wata rana za a ce ka zauna. Na ƙara shekaru ina aiki da Alhaji, kuma daga ranar bai sake ce mini ɗan boko ba. Darakta yake kirana, a gaban kowa, kuma duk baƙon da ya shigo sai ya ce masa ya zauna ba fargaba, wannan kujerar ba Darakta ne ya yi ta ba.