Angon da Direba Ya Kawo wa Tsigi

"Lafiya lau, Maigida. Ya gajiya? Rufe min ƙofa tukuna, sai mu ƙarasa gaisuwar."

Direba ya bi umarnin kakarsa, ya tura ƙofar da ƙafa ya saka sakata. A waje karnukan unguwa ne suka yi zaman dirshan tun daga bakin kwata har gindin turken lantarki, da mai kunne ɗaya, da mai ɗingishi, da wani baƙi da ya haƙa rami ya kwanta kamar ya zo da kayansa. Sai da ya yi ta danna hon kafin suka ba motarsa wuri.

Makon da ya wuce ne ya kawo karyarsa Tsigi gidan kakarsa. Lokacin barbararta na farko ya zo, ta fara ɗigar da jini, karnukan layinsu suka hana kowa sakat, har mai gidan haya ya ce masa ko ita ta fita ko shi. Kaka, wadda ta ƙare ƙuruciyarta tana karɓar haihuwa a asibiti kafin ta yi ritaya, ta yarda a ɗaure ta a bayan gida, da sharaɗin ko kallonta ba za ta yi ba.

Yanzu ga Tsigi a inuwar gwaiba a kan tsohuwar tabarma, da kwanon ruwa a gabanta, an sa mata wani ɗan wando shuɗi mai lamba a baya. Direba ya tsaya ya ƙura ido.

"Tsohuwa, wannan ba rigar ƙwallona ba ce?"

"Ita ce. Na ga shekara da shekaru tana jikinka ba ta ci ƙwallo ko ɗaya ba, na ce bari ta yi wani amfani kafin ta mutu."

"Ke da kika rantse ba za ki kalle ta ba."

"Ban kalle ta ba. Da ido a rufe na ɗinka."

"Shi ya sa ɗinkin ya karkace kamar bayanki."

"Bayan nan ne ya goya ubanka, ya goya ka, da wannan kan naka mai kamar tukunyar gas. Dole ya karkace. Me ka kawo min? Miji ya zo hannu rabbana, sai ƙamshin turaren mota."

Direba ya jawo kujera ya zauna yana wasa da makullin ɗakinsa. Tun a hanya yake shirya maganar, amma da ya ga tabaran nan a kan karan hancinta sai ta watse masa.

"Alheri na kawo. Na samo wa Tsigi miji."

"Ai ga su can a ƙofa. Wanne ne naka? Mai kunne ɗayan? Na ga kamanni."

"Waɗannan 'yan zaman kashe wando? Ni na babban gida na kawo. Janar, karen Manajanmu. Yana cikin mota yanzu haka, na bar masa esi a kunne. Daga ƙasar waje aka sayo shi, da takardunsa, da hotonsa a jiki. Ko ke ba ki da irin takardun nan."

"Ni ba a sayo ni ba. Kuma me Manaja yake so da 'yar karyar direbansa?"

"Ɗa yake so daga jinin Janar. Kullum zancensa ke nan a mota. Na ce masa ai ina da karya lafiyayya, 'yar asali."

"'Yar asalin ina? Ba a bayan garejin bakanike ka tsinto ta cikin kwali ba?"

"Kwalin ma na ƙasar waje ne."

Kaka ta cire tabarau ta goge da gefen zaninta, ta mayar. Direba ya san wannan gogewar. Ita take yi kafin ta kori mai talla.

"Watanninta nawa?"

"Ta girma."

"Ko shekara ba ta rufa ba. Haƙoranta na manya jiya-jiya suka gama fitowa. Shekaranjiya na kai ta wurin likitan dabbobi."

"Ke? Kika shiga tasi da kare?"

"Na ce wa mai tasin 'yar jikana ce, ubanta ta ɗauko. Ya dube ta ya ce Allah ya ba da haƙuri. Likita ya ce wannan karon ko da wasa kada namiji ya kusance ta. Jikinta bai gama ginuwa ba, ƙugunta bai buɗe ba. Sai ta kusa shekara biyu, an yi mata rigakafi, an ba ta maganin tsutsa, an duba ta an duba namijin. In kuma ba ka da inda za ka kai 'ya'yan, a yi mata aiki ta huta gaba ɗaya."

"Likitoci kullum da tsoratarwa suke cin abinci. Su wancan na waje wane likita ya duba uwayensu?"

"Shi ya sa suke kwana a kwata. Janar ɗin nan naka, ya girmansa?"

Direba ya ɗaga hannu daidai ƙugunsa, da alfahari.

"To ɗan maraƙi ka kawo. Dubi Tsigi, ko akuyar kirki ta fi ta. 'Ya'yan wancan kansu kaɗai ya ishe ta. Na sha tsayawa a kan ƙaramin ƙugu da babban kai, Maigida, kuma na san yadda ake ƙarewa. Ranar da aka haife ka ma sai da muka kira likita biyu."

"Kullum sai kin ƙara likita ɗaya. Bara guda ne."

"Kan naka ne yake ƙaruwa. To a ce ta haihu lafiya. Ta zubo bakwai. Manaja ya ɗauki ɗaya. Sauran fa?"

"Mutane za su yi rububi."

"Su wa? Faɗa min su."

"Akwai mai wankin mota."

"Wanda shi kansa a cikin motocin mutane yake kwana. Sai wa?"

"Akwai… ke."

"Ni ka ga alamar gidan marayu a ƙofata? Kwana nawa ina fama. Na toshe ramin katanga da bulo, na ɗora kwanon rufi a kan kejin kaji don kada su taka su hauro. Baƙin can har ta kan rufin makewayi ya biyo, na same shi da bokitin ruwa. In za ta zaga sai na riƙe igiya ina biye da ita kamar 'yar sanda. Maƙwabta sun fara gaishe ni da cewa yaya masu neman aure. A shekaruna."

"Ai daɗi kike ji. Rabon da a yi layi a ƙofarki tun kafin a ƙirƙiro taya."

"Layin da aka yi a ƙofata, kakanka sai da ya sayar da kekensa ya sayi takalmi kafin a bar shi ya tsaya a ƙarshe. Kai da ka zo lokacin, ruwa za a aike ka ka ɗebo musu."

Tsigi ta taso ta zo ta ɗora haɓa a kan gwiwar Direba tana kaɗa jela ta ramin da aka huda mata a wandon. Ya shafa kanta. Wasan ya fita daga muryarsa ba tare da ya shirya ba.

"Kaka, za a rage direbobi ƙarshen wata. Mu huɗu ne, biyu za a bari. Sauran duk sun riga ni shiga, ɗaya ma ɗan ƙanwar akanta ne. Ga mai ɗakina cikinta ya tsufa. Ni ba ni da kowa a sama. Wannan ce kaɗai hanyar da na ga Manaja ya taɓa juyowa ya kira ni da sunana."

Kaka ta gyara zama. Ta dubi karyar, ta dube shi.

"Na ji. Amma ba za ka biya kuɗin aikinka da cikin wannan ba. In ta mutu wajen haihuwa, Manaja zai ce ayya, ya sayi wata. Kai ne za ka haƙa ramin." Ta dafa gwiwa ta miƙe. "Ɗaure ta a ɗakin ajiya ka ja ƙofa. Mu je in ga angon, kada a ce na kore shi ban ga fuskarsa ba."

Ya yi yadda ta ce. Suka fito, Kaka da tsintsiyar kwakwa a hannu tana kora masu zaman layi, suna ja da baya suna dawowa. Direba ya buɗe ƙofar baya. Janar na kwance ya cika kujerar, gashi na sheƙi, wuya da sarƙa mai walƙiya. Ya ɗaga ido ɗaya, ya yi hamma, ya mayar da kai.

"Ka ce ya sauko mana."

Da ƙyar Direba ya jawo shi. Janar ya tsaya a kan titi yana kallon ƙasa kamar bai taɓa ganin turɓaya ba. Karnukan unguwa duk hancinsu na ƙofar gidan, suna kuka ƙasa-ƙasa. Shi ko waiwayawa bai yi ba. Wata kaza ta gifta, ya matsa bayan Direba.

"Kin ga tarbiyya," in ji Direba. "Ba ya rawar kai."

Kaka ta matso. Ta zagaya bayan karen, ta gyara tabarau, ta sunkuya, ta ɗaga jelar da bakin tsintsiya. Ta daɗe a haka. Sai kafaɗunta suka fara rawa.

"Maigida, zo. Ina kayan?"

"Wane kaya? Takardun suna gaban mota."

"Ba takardu ba. Kayan aiki."

Ya sunkuya ya duba. Ya sake dubawa. Babu komai sai ɗan tabon ɗinki da ya warke tsaf.

"An yi masa fiɗiya," in ji Kaka, tana dafe da mota don kada ta faɗi. "Kuma hannun gwani ne. Ko ni ban fi haka ɗinki ba."

Direba ya miƙe a hankali. Abin ya dawo masa tiryan-tiryan. Watannin baya, Manaja ya yi tafiya, matarsa ta sa shi ya kai su asibitin dabbobi. Ya jira a mota yana jin rediyo. Aka fito da Janar yana tangaɗi, an sa masa wata roba a wuya kamar mazurari. Madam ta ce aikin kunne aka yi masa.

"Ta ce min kunne ne," ya faɗa a sanyaye.

"Kai ka kai shi?"

"Ni na kai shi."

"Ka kai shi aka cire, yau kuma ka ɗauko shi ka kawo shi neman haihuwa. Kuma a haka kake so a bar ka a aiki a kori wasu." Ta share hawaye. "Kunne. To lallai kunnen ya yi nisa da gida."

"Ki daina dariya, Tsohuwa. Yanzu me zan ce wa Manaja? In na faɗa, na haɗa shi da matarsa. In na yi shiru, ya zauna jiran jika."

"Ka faɗi abin da ya faru. Likita ya ce karyarka ta yi ƙanƙanta, kakarka kuma masifaffiya ce, ta hana. Wanne ne ƙarya a ciki?"

"Na biyun ma har an rage."

Wayarsa ta yi ƙara a aljihu. Ya duba, ya nuna wa Kaka fuskar wayar. Madam ce. Ya ɗauka yana gyara tsayuwa kamar tana ganinsa.

"Ranki ya daɗe. E, yana tare da ni. Oga ne ya ce… A'a, ba a haɗa su ba. Kakata ta hana, ta ce karyar yarinya ce, sai nan gaba." Ya saurara. "E, ta gan shi. Ta duba shi sosai. Ungozoma ce." Shirun da aka yi a wancan gefen har Kaka ta ji shi. "A'a, ranki ya daɗe, ba ta da surutu. Ni ma haka."

Ya ƙara saurarawa, ya ce to, ya ce na gode, ya sake cewa na gode, ya kashe.

"Ta ce a gaishe ki, wai ke mace ce mai hankali. Ta ce daga wata mai zuwa ni zan riƙa kai yara makaranta, zancen ragi kada ya dame ni."

"Ka gani. Kai da ka ce ba ka da kowa a sama."

"Na sallama, amaryata. Tsigi ta zauna wurinki har ta gama. In ta huce mu koma wurin likitan tare, abin da ya ce shi za a yi."

"Ka zo da sakata sabuwa, da abincinta. Ba zan ciyar da kai in ciyar da 'yarka ba. Mayar da wannan bawan Allah cikin sanyi, ka jira ni."

Ta shiga gida ta fito da ɗan ƙunshi a leda, ta miƙa masa. Ya buɗe. Safar jarirai ce ta ulu, saƙar hannu, 'yan mitsi-mitsi. Ya juya su a tafin hannunsa.

"Guda huɗu? Tsufa ya sa kin manta ƙafar mutum nawa ce, ko kin zauna da kare har kin rikice?"

"Mai ɗakinka ta zo jiya ta kawo wa Tsigi ƙashi. Na sa ta kwanta na taɓa cikin. Kai biyu na ji, kuma duk irin naka. Gobe ka kai ta a yi hoto, ka fara neman ɗaki mai faɗi."

Direba ya nemi bakin kujerar mota ya zauna, kusa da Janar. Ya dubi safar, ya dubi tsohuwar da ke tsaye da tsintsiya tana jiran ya ce wani abu ta rama. Dariya ta ƙwace masa, ya kifa kai a kan gwiwa yana yi har motar na girgiza.

"Yi a hankali," in ji Kaka. "Ka adana ƙarfinka. Ni goyo ɗaya zan karɓa, shi ma sai wanda ya biyo uwarsa."