Rasuwar Gwaggo, Kwamfutar Shagon Ishaku

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, haɗe da 'yar fargaba, Ishaku Shekari mai shagon buga takardu a Kakuri yana sanar da 'yan'uwa da abokan ciniki rasuwar kwamfutarsa, wadda unguwa ta sani da Gwaggo. Ta cika ranar Talata da hantsi, bayan shekara goma sha bakwai a kan tebur ɗaya.

Marigayiya 'yar zamanin da ce, lokacin da furosesa, wato injin tunanin kwamfuta, ke da ƙwaƙwalwa guda tak, ba ta haɗa aiki biyu. Idan an kunna ta da safe sai ta ce "ƙiiit", fankarta ta amsa da "wuuuu", Ishaku ya je ya sha kokonsa da ƙosai, ya gaisa da masu keke, ya dawo ya tarar tana nan tana shiri.

Babban halinta shi ne rufin asiri. Duk wanda ya zo karɓar katin biki ko tsarin sujadar Lahadi ya tarar ba a gama ba, Ishaku kan nuna ta da haɓa. Mai aiki ya yi tsaki, ya zage ta tas, ya tafi. Ita kuwa ta shanye.

Ciwon ajali ya fara da damina: zafin jiki, sai yawan suma. Cyril mai gyara ya buɗe cikinta, ya leƙa, ya cire hula.

Ta bar firinta mai cin takarda, da kibod da haruffansa suka goge, da kuma magajiyarta, sabuwar kwamfutar da Miriam 'yar Ishaku ta kawo. Wannan ƙwaƙwalwa takwas gare ta, ba gurnani, ba zafi, kafin mutum ya ja kujera ta farka tana kallonsa. Ba ta gaji kunyar marigayiya ba. Kwananta biyu kacal, Madam Nkechi da ke zaune jiran wasiƙa ta gano cewa da yatsa biyu maigidan yake bugu, yana farautar kowane harafi. Kafin la'asar labari ya kai Sabon Tasha.

Za a yi jana'iza ranar Asabar da ƙarfe goma. Gawa za ta tashi a baro zuwa wurin 'yan gwangwan. Zaman makoki mako biyu ne, ana karɓar gaisuwa da yamma kawai, domin da safe mai makoki yana unguwar Television wurin koyon bugu da yatsa goma. Masu ta'aziyya su zo da addu'a, don Allah kada su zo da aiki.