Garin Ƙwan da Ya Tashi Tsuntsayen Dagona

Ba zan taɓa mantawa da fitata ta farko ƙidayar tsuntsaye a fadamar Dagona ba, kuma ko na so in manta, waɗanda muka yi aiki tare a Gashuwa ba za su bar ni ba.

Cikin shekarun casa'in ne, ban fi wata huɗu da kama aiki a wani ofishin kula da daji da namun dawa ba. Sabon fitowa daga makaranta, kai cike da karatu, ko ruwa na ga mutum yana sha sai na ji kamar in gyara masa riƙon kofi. Ogana shi ne Mista Istifanus, mutumin Filato ne da ya daɗe a Gashuwa har Hausarsa ta fi tawa daɗi. Duk shekara idan sanyi ya shigo, tsuntsayen ruwa suka iso daga ƙasashe masu nisa, shi ke fita ƙirga su. Akwai wani babban tafki can cikin fadama da mota ba ta zuwa, kwalekwale ma ciyawar kacala ta toshe masa hanya. Sai dai a ƙafa, kowa da jakarsa a baya, kwana uku zuwa da dawowa.

Ranar da ya ce da ni zan bi shi, ya ƙara da cewa abin da ya fi tsana a tafiyar shi ne ɗaukar shinkafa da mai da tukwane, don bayansa ya fara ciwo.

Na ce, "Yallaɓai, ka bar mini maganar abinci. Bana ba za ka ɗauki ko gwangwani ɗaya ba."

Abin da ya ba ni wannan ƙarfin hali wata tsohuwar mujallar Turanci ce da wani baƙo ya bari a ofis. A ciki na ga hoton Turawa masu hawan duwatsu da 'yan jakunkunansu, an ce sirrinsu busasshen abinci ne, musamman garin ƙwai: ka zuba ruwa, ka ɗora a wuta, ga karin kumallo. Mujallar ba ta faɗi yadda ake yin garin ba (ko kuma ta faɗa a shafin da ɓera ya riga ni karantawa). Ni kuwa na ce ai ba wani abu ba ne. Kuɓewa ma shanya ta ake yi.

Ƙarshen mako na tafi gida Nguru, na sayi ƙwai kiret biyu, na fasa su ɗanyu, na kaɗa, na zuba a manyan tire uku na mahaifiyata, na hau da su kan soro. Lokacin sanyi ne, rana ba ƙarfi, abin ya ƙi bushewa da wuri. A kwana na biyu Hajiya ta tsaya a tsakar gida tana kallon sama.

"Wai me kake shanyawa ne da ƙudaje suka bar mahauta suka dawo gidana?"

"Ilimi ne, Hajiya. Abincin matafiya na zamani."

"To, Allah ya ba da sa'a. Amma tiren nan na bar maka su."

A kwana na uku na kankare, na daka, na tankaɗe. Ya fito rawaya, gwanin kyau. Rabinsa na ƙulle a leda don karin safe tare da shayi. Ɗaya rabin kuma, saboda tsabar hikima, na cuɗe shi da garin kwakin da za mu riƙa jiƙawa da rana, wai don ya ƙara gina jiki. Kowane ƙulli na manna masa takarda da sunan ranar da za a ci shi.

A-kori-kura ta sauke mu a Dagona, direban ya ce zai dawo ranar da aka yi alkawari. Nan muka haɗu da wanda zai yi mana jagora, Baba Maina, wani dattijon masunci mutumin Bade, siriri, mai magana a hankali. Kayansa duka sanda ce, da gora, da ɗan bargo a kafaɗa, da wani tsohon burgami na fata da bai fi kan mutum girma ba. Na dubi burgamin, na tausaya masa. Sannan na tsaya a gaban mutumin da ya yi shekara sama da hamsin yana keta fadamar nan na yi masa lacca kan nauyin kaya da amfanin busasshen abinci. Ya saurara har ƙarshe.

Ya ce, "Madalla, Malam. Mu ma za mu koya."

Mun ci tuwo a ƙauyen kafin mu tashi, muka riƙe burodi na yamma, don haka ranar farko ba a taɓa ƙulle-ƙullena ba. Sun wuni a ƙasan jaka suna shan ɗumin bayana. Ni kuwa hankalina ma ba ya kansu. An haife ni a Nguru, amma ban taɓa sanin haka ƙasarmu take ba. Ruwa ne shimfiɗe tsakanin bishiyoyin giginya da goruba, ganyen bado ya rufe shi har ka ce za a iya takawa. Zalɓe na tsaye da ƙafa ɗaya bai ko kula mu ba. Baba Maina yana gaba, ba taswira, ba agogo, sai ya dubi ciyawa ya ce nan akwai zurfi, mu kewaya. Sau ɗaya ban ga ya yi kuskure ba.

Mun kwana a wani ɗan tudu. Da muka idar da sallar asuba na hura wuta, na ce kowa ya zauna, yau ni ne mai masauki. Na kwance ledar farko.

Ban san yadda zan kwatanta warin ba. Ka ɗauka an rufe mushen kaza a cikin takalmin sojan da ya yi tafiyar mako guda.

Mista Istifanus ya ɗan ja baya. "Haka aka ce yana yi a mujallar?"

"Idan ya ji wuta zai daina, Yallaɓai."

Ya ji wuta, bai daina ba, sai ma ya samu ƙarfin yaɗuwa. Oga ya ce ya tuna likita ya hana shi ƙwai da safe. Baba Maina ya ce shi tsoho ne, shayi ya ishe shi. A nan ne mai hankali zai kifar da tukunya ya ba da haƙuri. Ni sai na ja ta gabana, na cinye rabona, na cinye nasu, ina lumshe ido ina cewa ai daɗin sai an kai ciki. (Har yau ban san wa nake so in burge ba. Su biyu ne kaɗai, kuma duka sun juya fuska.)

Da hantsi muka kusa babban tafkin. Mista Istifanus ya tsayar da mu ya yi ƙasa da murya.

"Daga nan rarrafe za mu yi. Ba magana, ba tari. In suka tashi za su watsu cikin sauran tafkunan da muka riga muka ƙirga, aikin bana ya lalace ke nan. Kai ka riƙe ɓangaren hagu, ni dama."

Muka rarrafa har bayan wata ƙaramar gaɓa, na ɗaga kai a hankali.

Na ɗauka ƙasa ce a gabana, ashe tsuntsaye ne suka rufe ruwan. Kirinjijiya jere-jere suna fito ƙasa-ƙasa, dinya manya baƙaƙe a gefe, kwasakwasa farare can tsakiya suna tafiya tare kamar an ɗaure su da zare ɗaya. Ga wasu ƙanana masu ruwan ƙasa da Oga ya ce sun ƙetaro hamada da teku kafin su iso nan, tsuntsun da bai cika tafin hannu biyu ba. Na ce Subhanallahi a zuciyata, na ɗaga madubin hangen nesa, na fara ƙirge.

Ban kai ko'ina ba cikina ya yi magana.

Da farko ƙugi ne kawai, har Oga ya waiwayo ya ɗora yatsa a baki. Na matse. Gumi ya keto mini cikin sanyin nan. Na karanto duk addu'ar da na sani, na yi wa Allah alkawura iri-iri. Amma kiret biyu na ƙwai da suka kwana uku a kan soro ba su zo sulhu ba. Bayanmu fili ne fetal, ba inda mutum zai fake. Wurin ɓuya ɗaya ne, wani kurmin kacala a hagu, a bakin ruwan. Na jefar da madubi da littafi, na miƙe tsaye, na ruga.

Na faɗa cikin kacalar da facal-facal, ashe akwai dinya kwance a ciki. Suka fashe da kuka suka yi sama. Na kusa da su suka bi, na gaba suka bi, tafkin gaba ɗaya ya tashi.

Ina tsugune, wando a gwiwa, ruwa har idon sawu, na ɗaga kai. Sama ta rufe. Rana ta dusashe kamar hadari ya taso, ƙarar fukafukai kuwa kamar jirgin ƙasa na shigowa tashar Nguru. Suka yi wani juyi gaba ɗaya, farin cikinsu ya haska, suka sake juyawa suka koma baƙi, ba wanda ya bugi ɗan'uwansa. Iskar fiffikensu har fuskata. Kwasakwasan ne ƙarshen tashi, a natse, suna hawa suna kewaya har suka zama ɗige-ɗige. Na yi yawo bayan nan, na ga abubuwa, amma ban taɓa ganin abin da ya nuna mini girman Ubangiji kamar wannan ba. Kuma a wannan halin na gan shi.

Da sama ta washe sai na lura kacalar wurin ba ta kai tsawon da na zata ba. Kaina a waje yake, da jar hular sanyina. Can a gaɓa ga Mista Istifanus tsaye da madubin hangen nesa a hannu. (Ya rantse mini daga baya bai duba ba. Ban taɓa tambayarsa karo na biyu ba.)

Na dawo ina jan ƙafa. Ba wanda ya yi dariya, abin da ya fi ciwo ke nan. Oga ya daɗe yana kallon tafkin da ba ko tsuntsu ɗaya, sannan ya juyo.

"Nawa ka samu a ɓangarenka?"

Na sunkuyar da kai. Da na buɗe baki kuma sai na ƙara da wani albishir ɗin, cewa kwakin rana ma duk da garin ƙwai a ciki. Mu uku, tafiyar wuni guda daga ƙauye, ba abin da ya rage sai ganyen shayi da sukari da gishiri.

Baba Maina ya ajiye sandarsa. Ya zauna a inuwa ya kwance bakin burgaminsa. Ya fara fito da garin 'ya'yan kuka, ya dama mini a gora, Oga ya ƙara sukari da ɗan gishiri, suka ce in riƙa kurɓa. Sai ga garin gumba da ya sha citta da kanumfari, dunƙule biyu a ruwa ya cika ƙwarya. Sai dakakken busasshen kifi haɗe da ƙuli da yaji, wanda cokali uku ke riƙe mutum har la'asar. Ga dabino, ga tsamiya ta kunun safe. Daga naɗin hularsa kuma ya zaro ƙugiya da zare, kafin rana ta karkata ya dawo da karfasa huɗu. Ina kwance ina kallon burgamin nan kamar mai kallon dabo. Duk abin da mujallata ke fahariya da shi yana ciki, mara nauyi, mara lalacewa, ga daɗi.

Da na ɗan farfaɗo Baba Maina ya tambaye ni yadda na yi garin. Na faɗa masa.

Ya ce, "Ɗanye ka shanya? Ɗana, abin da ya fito daga jikin dabba ba a ba rana shi haka kawai. Kifin nan sai da ya kwana a hayaƙi. Da ka dafa ƙwan tukuna, ka marmasa, wataƙila da ya yi. Dabararka ba ta da laifi, tambaya ce ba ka yi ba."

Ya kuma ce kada Oga ya damu, in aka bar tsuntsayen suka huta, yawancinsu za su dawo makwancinsu. Haka muka ƙara kwana. Washegari da sassafe ga su sun rufe ruwan kamar ba abin da ya faru, muka ƙirga lafiya, da kunun tsamiya a cikina. Direba ya yi kwanan dole a Dagona, bai yi mini magana ba har Gashuwa.

Tsorona shi ne rahoto, don ba a tabbatar da ni a aiki ba tukuna. Mista Istifanus ya rufa mini asiri. Ya rubuta cewa an samu jinkirin kwana ɗaya saboda wata babbar dabba da ta firgita tsuntsaye daga cikin kacala. Na sa hannu a ƙasa ina godiya.

Bayan wata biyu wasiƙa ta zo daga hedikwata. Sun yi murna ƙwarai da jin cewa har yanzu akwai manyan dabbobi a fadamar, suna so a faɗa musu wace iri ce, da girmanta, da ko an ga sawunta ko kashinta. Oga ya karanta a gaban kowa, ya ajiye mini a kan tebur.

"Kai ka fi kowa kusa da ita. Kai za ka amsa."

Abin da na koya bai da yawa. Duk sabon abincin da zan kai daji, sai na fara cin sa a gida, kusa da banɗakin da na sani. In kuma na haɗu da dattijo a bakin hanya, kafin in koya masa tafiya nakan fara tambayarsa me ya ci da safe.