Rasuwar Bakatuɓe, Baƙon Itacen Turawa

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da wuyan riga jiƙe da hawaye, ni Ƙasimu majemi na Turawa, ƙasar Karaye, a madadin kaina da iyalina da masu sana'ar jima na unguwarmu, ina sanar da 'yan'uwa da abokan arziki na Karaye da Rogo da Zoza rasuwar baƙona kuma amanata, itacen nan da kuka sani da suna Bakatuɓe. Ya rasu ranar Laraba da hantsi, a bayan gidana, a gaban dagaci da dattawan gari da Bature guda. Ya bar duniya yana da shekara tara, tsawonsa daidai ƙuguna.

Ga wanda bai san asalinsa ba, marigayi ba ɗan ƙasar nan ba ne. Ɗan babban gida ne daga wasu duwatsu na ƙasar Amurka, inda aka ce kakanninsa sai hular mutum ta faɗi kafin ya hango ƙarshensu. Baturen gandun daji da muke kira Mai Lofe ne ya zo da shi, a shekarar da fara ta cinye mana gero. Ya zo rangadi, ya tsaya a majemarmu yana toshe hanci, ya ga muna daka bagaruwa muna jiƙa fata a ruwanta kamar yadda muka gada. Sai ya zaro gwangwanin biskit daga jaka, a ciki da ƙwallaye uku, kowanne sanye da 'yar hula mai gashi-gashi kamar ya zo ɗaurin aure. Tafinta ya ce Bature ya ce ɓawon wannan itace ya fi bagaruwa jima, ƙirgin da aka jeme da shi sai mai shi ya mutu ya bar wa jikoki. Kuma ganyensa ba ya zuba, rani da damina yana cikin rigarsa. Daga nan aka sa masa Bakatuɓe. Sunansa na yanka ma tafinta ya faɗa, amma ya fi kama da shaƙuwa, shi ya sa ba wanda ya riƙe.

Dagaci Gwadabe ya dubi majema ɗaya bayan ɗaya, ya ga ni kaɗai ne ban sunkuyar da kai da wuri ba, ya ce a miƙo mini gwangwanin. Bayan an watse ya ja ni gefe ya ce, "Ƙasimu, Bature ya ce duk rangadi zai zo ya duba. In itacen nan ya mutu, rawanina ya mutu. In rawanina ya mutu, kai ma ka san sauran."

Na san sauran.

'Yan'uwansa biyu sun riga shi tafiya tun suna ƙwallo. Ɗaya kurege ne ya tone shi, ya bar mana hular. Ɗayan ya ƙi fitowa, muka jira shi damina guda, ya nuna bai ga abin da zai fito ya yi a Turawa ba. Marigayi kaɗai ne ya leƙo, da ganye biyu ja-ja-ja, ya dube mu, muka dube shi.

Mai Lofe ya bar mana ƙa'idojin renonsa. Ba ya son rana yana ƙarami. Ba ya son ƙishirwa, ba ya kuma son ƙafarsa ta kwana cikin ruwa. Ba ya son toka. Ƙasar da yake so ita ce ta ruɓaɓɓen ganye, irin wadda ake samu a ƙarƙashin kurmi. To, jama'a, kun san Turawa, abin da Allah ya hore mana da yawa shi ne rana da toka. Saboda haka na kafa masa rumfa, na yi mata zana mai tafiya: da safe in jingina ta gabas, da yamma in ɗauke ta in mayar yamma. Na kewaye shi da shingen ƙaya riɓi biyu saboda awaki. Na riƙa aron jaki ina ɗebo masa ƙasar kurmi. Ruwan rijiyarmu zartsi ne, ya sha sau ɗaya ya yi fushi, sai muka koma ɗebo masa na rafi, kuma a nan dole in ambaci maiɗakina Lantana, wadda ta fasa tuluna da dama a kan wannan hanya. In bazara ta yi tsanani, nakan jiƙa tsohuwar rigata in rataya a jikin rumfa, in zauna ina yi masa fifita. Wata rana Lantana ta sauke tulu ta ce, "Malam, 'ya'ya huɗu na haifa maka a cikin wannan zafin, ban taɓa ganin maficin nan ya juyo wajena ba." Na ce mata ita 'yar ƙasa ce, ta saba, shi kuwa baƙo ne. Ranar na ci tuwo ba miya.

Halayen marigayi kuwa, duk wanda ya zauna da shi zai shaida. Mai kunya ne ƙwarai, bai taɓa gaggawar girma ba. A shekara yakan ƙara abin da bai wuce tsawon ɗan yatsa ba, shi ma a ɓoye. Bai taɓa tare wa maƙwabci rana ba. Bai taɓa fasa katangar kowa da saiwarsa ba. Bai taɓa yin 'ya'yan da za su ja yaran unguwa ga sata ba. Tsuntsu bai taɓa sauka a kansa ya ɓata wa mutum hula ba, don in tsuntsu ya sauka reshen ne ke sauka tare da shi. Lokacin da kuka da ɗorawa da sauran manyan itatuwan gari ke tuɓewa tsirara a gaban jama'a, shi yana nan cikin korensa, ganye mai kauri kamar fatar da aka jeme, baki mai haƙora-haƙora, bayansa da laushi kamar kunnen ɗan rago. Ba shi da surutu. In iska ta kaɗa yakan ce "kas, kas". In an zuba masa ruwa ƙasar gindinsa takan amsa a madadinsa, "ƙut, ƙut, ƙut". Iyakar abin da na taɓa ji daga gare shi ke nan, kuma ban taɓa jin ya yi da wani ba.

Ba zan ɓoye ba, mun sha baƙar magana. Duk kaka sai Hammawa, abokin sana'ata, ya leƙo ta kan shinge da wuƙar ɓare itace a hannu, ya tambaya ko bana za a fara, ko a jira ya kai tsawon akuya. Na yafe masa. Shekara tara ban kwana a wajen Turawa ba. Ƙanena Aƙilu ya yi suna uku a Rogo, ban ci naman ko ɗaya ba. Mai Lofe ya dawo sau biyu, ya gwada tsawon marigayi da sandarsa, ya busa hayaƙi, ya ce "gud", daga nan ya tafi hutu ƙasarsu, ba mu sake ganinsa ba. Amma tsoron Bature ba ya tafiya hutu. Kuma gaskiyar magana, a lokacin ko dagaci ya ce in bari ba zan iya ba. Na riga na saba in fito da safe in ce masa ina kwana kafin in ce wa kowa.

Ciwonsa ya fara ne a bazarar bana. Bakin ganyensa ya soma ƙonewa, sa'an nan wata safiya na tarar da ganye ɗaya a ƙasa, abin da ba a taɓa gani ba. Na ɗauka na mayar, ya ƙi zama. Aka kira Ilu wanzami, ya zagaya shi, ya ce jini ne ya yi masa yawa, ya kafa masa ƙaho, ƙahon ya fi gangar jikin kauri, ya zame. Goggo Tani, ƙanwar mahaifina, ta ce kambun baka ne, ta turara masa hayaƙi har sai da ni da shi muka yi laushi. Dagaci ya rame. Kullum sai ya aiko a tambayi jikin mai jiki. Amma da ruwan farko ya sauka, sai marigayi ya farfaɗo. Ya yi sabon toho, ya kuma fitar da fure a karo na farko a rayuwarsa, wasu fararen zangarnu tsaye kamar wutsiyar ɓera. Warinsu, in faɗi gaskiya, ko mu majema sai da muka ja da baya. Duk da haka na yi sadakar ƙosai. Ashe wannan shi ne sauƙin da mara lafiya kan samu kafin tafiya.

Ana cikin haka labari ya zo cewa an turo sabon Bature, ɗan saurayi da bai daɗe da sauka daga jirgi ba, kuma an gaya masa akwai itacen Amurka a Turawa, zai zo ya gani. Dagaci ya ba da umarni a gyara wurin. Ya ce rumfar nan ta tsufa, shingen nan abin kunya ne, a kwashe su duka don Bature ya ga itace sosai. Na ce ranka ya daɗe, awaki fa? Ya sa aka ɗaure duk wata akuya da ke Turawa. Ba a bar ko ɗaya ba. Awaki ba su da hannu a wannan rasuwa, ina so a sani, don na ji ana zarginsu a kasuwa.

Bature ya iso da hantsi. Muka zube gaba ɗaya, kowa ya ɗaga hannu yana "Zaki! Zaki!" Ya sauka daga doki, ya saki linzami, ya tako, kansa a sama, don shi itace aka ce masa. Ya wuce marigayi har gefen wandonsa ya shafi ganyensa, ya je ya tsaya a gindin tsohuwar bagaruwar bayan gidana, wadda ba wanda ya taɓa ba ta ko kofin ruwa. Ya dafa ta, ya jinjina kai, ya fara jawabi. Tafinta yana cewa, "Bature ya ce madalla da wannan reno. Bature ya ce wannan ya nuna abin da ake samu in an bi ƙa'ida."

A nan ne na ji "kas, kas" a bayana, alhali ba iska.

Na waiwaya. Dokin Bature ya miƙa wuya, ya fara da furen. Duk wanda ke wurin ya gani, amma Bature yana magana, wa ya isa ya katse shi? Na yunƙura zan tashi, dagaci ya take gefen rigata da gwiwa, yana murmushi yana "Zaki!" Jawabin ya yi tsawo. Doki ya gama da sabon toho, ya koma kan tsofaffin ganye, waɗanda na san kowanne da kamanninsa. Da ya ga ba saura, ya juya zai tafi, ya ɗora kofaton baya a kan abin da ya rage. Marigayi ya ce "ƙwas". Maganarsa ta ƙarshe ke nan.

Ihun da na yi ne ya ƙarasa jawabin. Da tafinta ya yi bayani, Bature ya dubi bagaruwa, ya dubi karan da ke kwance, kunnuwansa suka yi ja. Ya cire hula ya riƙe a ƙirji. Dagaci kuwa da ya gane cewa dokin gwamnati ne ya ci itacen gwamnati, rawaninsa ba shi da laifi, sai ya fashe da kuka mai ƙarfi, wanda ni dai ban ga hawaye a cikinsa ba. Doki ya kwana biyu cikinsa a ɗaure. Ba mu yi masa fatan sharri ba, ba mu kuma aika a duba shi ba.

Marigayi ya rasu ya bar ni, uban renonsa. Ya bar Lantana da wuyanta. Ya bar mafici ɗaya, da zana, da wani ƙadangare da ya zauna a gindinsa shekaru, wanda har yanzu yake zuwa wurin yana gyaɗa kai, ya kasa yarda. Ya bar dangi masu yawa a Amurka da ba mu san yadda za mu kai musu labari ba. Ya kuma bar gado. Na ɓare ɓawonsa da hannuna, na shanya, na daka, don in cika burin da aka kawo shi dominsa. Abin da aka samu bai kai ya jeme ƙirgi ba, bai kai buzu ba. Hammawa ya auna da ido ya ce zai iya jeme maɗaurin takalmi, na ƙafa ɗaya. Za a jeme, kuma ni zan sa, ko da ɗayar ƙafar za ta tafi da na bagaruwa.

Game da jana'iza, na je wurin Liman Sulle, ya ce ba a yi wa itace salla, kuma in na sake tambaya zai sa a yi mini rubutu in sha. Saboda haka za a binne saiwar ne kawai, a ramin da ya rayu, ranar Asabar bayan la'asar. Ilu wanzami zai haƙa, ya ce da cokali ma ya isa. Za a zauna karɓar gaisuwa a ƙarƙashin bagaruwa, tunda nan ne kaɗai ke da inuwa. Akwai fura. An yafe wa awaki, suna iya halarta. Wanda zai zo a kan doki ya ɗaure shi a bakin gari ya ƙaraso da ƙafa, kowane ne shi.

A ƙarshe, Bature kafin ya tafi ya yi alkawarin zai rubuta Amurka a aiko mini da wasu ƙwallayen, wannan karon gwangwani cike. Ni ina roƙon jama'a su taya ni addu'a Allah ya kawo su lafiya. Lantana kuma ta ce in ba a sa tata roƙon a cikin sanarwar nan ba, ba za a ga fura ranar Asabar ba. Tana roƙon duk mai ƙaunarta ya taya ta addu'a, Allah ya tsare mutanen jirgin ruwan, ya kai su gida lafiya, gwangwanin kuwa Allah ya ba kifi.