Nomau da Ƙafar Inna Ladidi

A ƙauyen Tudun Gawo akwai wani maɗinkin hula ana ce masa Nomau. Mutumin kirki ne, ba ya faɗa, ba ya ƙarya, sai dai fa in ka ce masa tsaya nan ka manta, to gobe ma nan za ka iske shi. Su uku ne a gida: shi, da matarsa Tabawa, da tsohuwarsa Inna Ladidi, wadda ciwon suga ya sa a gaba. Ƙanwarsa Uwani da ke aure a birni ta kawo masa waya mai ƙirƙirarriyar basira, irin wadda za ka yi wa Hausa ta mayar maka, ka nuna mata hoto ta gane. Ta ce, "Yaya, likita ya ce ciwon nan yana cin ƙafa har a kai ga yankewa. Duk abin da wayar nan ta ce, ka yi shi daidai, kar ka ƙara, kar ka rage." Da Uwani ta tuna wanda take gaya wa, da ta sassauta.

Wata rana wayar ta ce Inna ta riƙa tafiyar ƙasa ta minti talatin kullum. Nomau ya sa tsohuwa a gaba suka miƙe hanyar rafi. Minti talatin na cika ya ce, "Inna, tsaya." Ta ce to a juya gida. Ya ce ai komawa ƙari ne, kuma Uwani ta hana. Nan suka zauna a gindin gawo, tana masa faɗa yana ba ta haƙuri, har Allah ya kawo mai amalanken shanu ya kwaso su a kan takinsa.

Wata rana kuma ya ce zai ɗinka wa mijin Uwani hula tukwicin waya. Ya roƙi wayar ta zana masa sabon ado, ta zana mai kyau, ta ce ya kwaikwayi hoton yadda yake. Gogan naka ya ɗauko zare ya auna hoton a jikin gilashin wayar, tsawo da faɗi. Kwana tara yana ɗinki. Aiki kam ya yi kyau, ba a magana, amma hular ko lemun tsami ba za ta rufe ba. Tabawa ta yi dariya har da riƙe ciki. Inna ta ce a adana, in zakaran gidan ya tashi angwanci ya samu ta sawa.

Wata rana aka yi suna a ƙauyen gaba. Inna ta sha lalle a ƙafa ta fice da sassafe. Ashe wayar ta ce kullum a duba tafin ƙafarta da tsakanin yatsu, a tura mata hoto, ko da ba ta kuka da komai. Nomau ya ce ai ranar suna ma cikin kullum take. Ya hau keke ya bi ta, ya yi sallama ya kutsa tsakiyar mata ana rabon waina, ya durƙusa gabanta.

"Inna, ƙafa."

"Kai, ka rufa mini asiri, cikin surukai nake."

"Ba a ce ban da gaban surukai ba."

Mata suka kwashe da dariya. Kunya ta kama tsohuwa kamar ta nutse, ta miƙa ta dama don ta rabu da shi. Ya ɗauki hoto. Wayar ta ce lalle ya rufe fata, ya buɗe yatsun ya sake ɗauka. Da ya buɗe, sai ga ƙaya ta karye a tsakanin yatsu biyu, wurin ya kumbura har ya fara ruwa, Inna kuwa ko zafi ba ta ji. Wayar ta ce a kai ta asibiti yanzu.

Matan suka ce a bari a gama biki, a shafa man kaɗanya. Nomau ya ce, "Yanzu aka ce." Ya saɓi tsohuwa a baya da wainarta a hannu, ya manta da keken, ya yi bakin titi da ita tana dukan ƙeyarsa.

Likita ta cire ƙayar, ta wanke miki, ta naɗe. Ta ce, "Baba, da kin ƙara kwana uku, da ba ki koma gida da ƙafar nan ba. Wa ya gano?"

Inna ta dubi ɗan nata yana tsaye yana haki, rigarsa sharkaf da gumi. Tausayinsa ya kama ta, idonta ya ciko. Ta ce, "Wancan ne. Ni na haife shi, Allah ya yi masa albarka."

Nomau ya ce amin. Sannan ya durƙusa, ya ciro waya.

"Inna, saura ta hagu."